AMSAR WASIƘUN MASU SAURARO: Alhaji, Tsumma Ne Ya Ci Fentin Motarka

Wasiƙu sun taru a wannan mako, to amma guda biyu sun zo a kan magana ɗaya, wato fentin mota, saboda haka su za mu ɗauka. Wanda ba shi da mota kada ya ce ba ruwansa, domin abin da zan faɗa ya shafi babur, ya shafi a-daidaita-sahu, har da akori-kurar da ke kai muku kaya kasuwa.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani bawan Allah, manomin shinkafa a ƙasar Bunkure, wanda kuma yake taɓa fataucin hatsi. Ya ce shekara uku da suka wuce noma ya yi kyau, ya sayi wata baƙar mota 'yar Kwatano. Bana kuma abubuwa sun ɗan matse, ga damina tana ƙaratowa, yana so ya sayar da ita ya sayi taki, ya biya 'yan ƙwadago. Ya kawo ta wurin wani dillali a Gyadi-Gyadi, nan bakin titin Zariya. Dillali ya sa aka fito da ita tsakiyar rana, ya zagaya ta sau biyu, sai ya nuna masa waɗansu siraran zane-zane a bonet da ƙofofi, sun yi da'ira-da'ira kamar saƙar gizo. A kan wannan aka zabge masa kuɗin da ya ce ya isa buhunan taki masu yawa. Abin da ya ɗaure masa kai, in ji shi, motar nan ko kaza ba ta taɓa bugewa ba, kuma kullum safiya sai yaronsa ya goge ta tas da tsumma. Yanzu wani ya ce masa ya sake mata fenti gaba ɗaya, wani kuma ya ce ya kai a buga mata inji. Yana tambaya, wanne zai yi?

To Alhaji, Allah ya ba da haƙuri, amma gaskiya ɗaya ce. Wannan gugar ta kowace safiya, ita ce ta yi maka ɓarnar. Kada ka yi wa yaron faɗa, abin da aka sa shi ya yi.

Ga yadda abin yake. Ƙurar hunturun nan da ke sauko mana tun daga wajen Nuwamba har zuwa Maris, mafi yawanta iska ce ke kwaso ta daga hamadar arewacin Chadi, musamman wani kwari da ake kira Bodele, inda a zamanin da can tafki ne ya ƙafe. In ka shafa ta a hannu sai ka ji laushi kamar garin alkama, amma a cikinta akwai garin yashi, irin wanda ake narkawa a yi gilashi. Yashin nan ya fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba, kai har ƙarfen wuƙa yana iya karcewa. To ka ɗora busasshen tsumma a kan wannan ƙura, ka danna, ka murza. Me ka yi? Samfefa ka yi wa motarka. Yau kaɗan, gobe kaɗan, shekara uku. Kuma baƙar mota ba ta rufa wa mai ita asiri. Da fara ce ko ruwan toka, zanen yana nan, sai dai ido ba zai kama shi da wuri ba.

Kafin in gaya maka magani, sai ka san abin da ke jikin motar tukuna. Da na karanta wasiƙarka na je na zauna da masu fenti a wani gareji da ke Tarauni, na sha tambaya, kuma abin da suka nuna mini ya yi daidai da abin da ke rubuce. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙarfe. A kansa akwai shimfiɗa ta share fage, galibi ruwan toka, wadda ke hana tsatsa, ta kuma riƙe fenti. A kanta sai launin da ido ke gani, baƙi ko ja ko shuɗi. Daga sama kuma sai wani fenti garai-garai marar launi, kamar ruwa, wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke tare zafin rana kada launi ya koɗe. Duk hawan nan in ka haɗa su, kaurinsu bai wuce na takardar littafin makaranta guda ɗaya ba, ko ya ɗara kaɗan. Kiliyar ita kaɗai kuwa ba ta kai kaurin gashin kai ba: masu awo suna lissafa ta da abin da suke kira maikuron, wato milimita 1 a raba ta gida 1000, kuma a yawancin motoci ba ta wuce maikuron 40 zuwa 50 ba.

Saƙar gizon nan da dillali ya nuna maka, a cikin kiliya take, ba ta kai ga launi ba. Wannan shi ne labari mai daɗi. Marar daɗin kuma, wanda nake so kowa ya buɗe kunne ya ji, shi ne: ba a cike karce, cinye abin da ke kewaye da shi ake yi. Man gogen da ake kira folish, ai gari ne mai ɗan kaushi a cikin mai. Aikinsa ya kankare saman kiliyar har ta yi daidai da gindin karcen, kamar yadda kake baje kunya da fartanya har gona ta koma fili. Sheƙi zai dawo, amma kiliya ta ragu, kuma abin da ya tafi ba ya tsirowa. Ba ciyawa ba ce. Duk motar da kuka gani a titi rufinta da bonet sun yi fari-fari suna saɓulewa kamar mai ƙyasfi, kiliyarta ce ta mutu, ko rana ta cinye, ko an goge ta fiye da kima, ko duka biyun. Wannan kam babu folish ɗin da zai tashe ta, sai sabon fenti.

Saboda haka Alhaji, maganar sake fenti gaba ɗaya, ka ajiye ta. Ban goyi baya ba ko kaɗan. Na farko, kuɗin zai cinye takin da kake nema. Na biyu, fentin kamfani gasa shi ake yi a cikin tanda mai zafin gaske tun motar tana ƙwarangwal, fentin gareji kuwa, komai ƙwarewar mai yi, da wuya ya kamo shi, balle a ce an fesa a fili ƙura tana sauka. Na uku, mai saye in ya ga sabon fenti, abin da zai fara zuwa ransa shi ne motar ta yi hatsari. Za ka ga ya fito da maganaɗisu yana mannawa a ƙofa yana neman inda aka cusa bodi-fila. Ka ga ka biya kuɗi ka sayo wa motarka zargi. Fentin asali, ko da 'yan tabo, ya fi daraja a kasuwa.

Abin da za ka yi, ka fara da gwaji, ba ya cin ko kwabo. Ka wanke motar, ka zuba ruwa a inda zanen yake. In ya ɓace yayin da wurin yake jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, to a sama yake, zai gogu. Sa'an nan ka ja farcenka a hankali ka gitta karcen. In farce ya wuce sumul, alhamdu lillahi. In ya maƙale, to wannan ya yi zurfi, a bar shi, za mu zo kansa.

Folish iri biyu ne a kasuwa, akwai mai kaushi, akwai mai laushi, za ka same su wurin masu sayar da kayan fenti, ko a Ƙofar Ruwa inda ake sayar da kayan gyaran mota. Kullum da mai laushi ake farawa. In ya yi aiki, shi ke nan, ba ruwanka da mai kaushi. A kai mota inuwa, a bari jikinta ya huce, kada a yi a kan ƙarfen da ya sha rana, man zai bushe ya daskare. A ɗiga kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa uku, a kan soso mai laushi ko tsabtataccen ƙyallen auduga. A zaɓi wuri ɗan ƙarami, kamar taƙi biyu tsawo taƙi biyu faɗi, kuma a fara da inda ido bai cika zuwa ba, misali ƙasan ƙofar baya. A goga gaba da baya, sa'an nan a gitta, ba da ƙarfin tuwo ba. A share da wani ƙyallen daban, a haska da tocila a duba. In ya yi, a matsa gaba. Aikin wuni ne, wataƙila biyu, kuma kafaɗa za ta gaya maka. Ba zai fitar da komai da komai ba, amma zai rage abin da dillali ke nunawa da yatsa.

Wani abu kuma, ga masu tsofaffin motoci. In ka goga ka ga launin motar ya fito a jikin ƙyalle, ja ko shuɗi, kada ka firgita, wataƙila motarka ba ta da kiliya ne tun asali. Kiliya sai wajen shekarun 1980 ta yawaita a motoci. Tsofaffin Fijo 504, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da akori-kura da yawa, da motocin da aka sake wa fenti mai araha, launi ne kawai a sama. Irin waɗannan in sun dushe suna tashi da kyau in an goge. Amma in motar zamani ce mai kiliya ka ga launi a ƙyalle, to tsaya nan, ka huda.

Sai maganar inji. Inji yana aiki, kuma a hannun gwani ya fi hannu nesa. Amma ku bar ni in ba ku labarin kaina. Wata shekara ana jibi Sallah na kai 'yar motata wani wurin wanki, wani matashi ya ce zai mai da ita sabuwa. Ina zaune a benci ina duba jarida, ya ɗauko injin nan da ake gurza ƙarfe da shi, ya ɗaura masa gammon ulu, ya kunna. Kafin in kai shafi na uku, gefen bonet ya yi toka-toka, ya ci kiliya, ya ci launi, ya isa shimfiɗar ƙasa. Garin neman gira aka rasa ido. Laifina ne, ban tambaya ba. Injin gurza ƙarfe gudunsa ya ninka na injin folish sau da yawa, zafin da yake tarawa kuma ƙona fenti yake yi, musamman a kaifin ƙofa da kusurwoyi inda fenti ya fi siranta. Saboda haka in za ka kai, Alhaji, ka tsaya a kan motarka. Ka ce a nuna maka injin, ya zama na folish ne mai maɓallin rage gudu. Ka duba gammon, in ya yi baƙi ƙirin da dattin motar wani, ka ce a canza. Ka ce a gwada a wuri ɗaya, a fito da ita rana ka gani da idonka, kafin a ci gaba. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ka ja motarka ka yi gaba. Kuma sau ɗaya ya isa. Masu kai mota a buga mata inji duk Sallah, ƙarama da babba, suna yanka kiliyar ne a hankali.

Akwai waɗanda za su ce maka ka shafe ta da baƙin mai ko man dizal ranar da za a kai ta kasuwa. Gaskiya ne za ta yi ƙyalli, domin mai yana kwanciya a cikin karce ya ɓoye shi. Kwana biyu ƙura ta manne, wanki ɗaya asiri ya tonu, mai saye ya dawo yana nemanka, kai kuma mutum ne da ake sani a kasuwar hatsi. Ban ba ka wannan shawara ba. Man birki kuwa, wanda na ji wai wasu na shafawa, wannan guba ne ga fenti, narkar da shi yake yi. Ko ɗiga ya yi a jikin mota wajen gyara, a bi shi da ruwa nan take. Man goge baki da ake ta faɗa, e, yana da ɗan kaushi, yana iya rage ɗan tabon da bai kai ƙwayar gero ba, amma ba da shi za ka goge mota guda ba.

Wasiƙa ta biyu gajera ce, daga wani matashi a Tarauni. Yayansa ya yi tafiya ya bar masa amanar mota. Ya shiga cunkoso a bakin kasuwar Tarauni, wani mai a-daidaita-sahu ya goge shi tun daga ƙofar gaba har ta baya, ya ƙara mai. Yayan zai dawo nan da mako biyu. Yana tambaya ko akwai abin da zai shafa kafin nan.

To ƙanena, wannan ba kai kaɗai ba ne. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, a-daidaita-sahu suka cika titi, da wuya ka ga motar da ke bin Court Road ko Unguwa Uku kullum ba ta da rawayen layi a haƙarƙari. Ka duba da kyau tukuna. Sau da yawa wannan rawayen fentin kekensu ne ya manne a kan naka, ba naka ne ya tafi ba. Folish mai laushi zai ɗauke shi, ka ga abin bai kai yadda ka zata ba. Abin da ya rage bayan nan, ka gwada shi da farce. In ka ga fari-fari ko toka a gindin karcen, an wuce launi. In ka ga ƙarfe yana walƙiya, to an kai ƙarshe, kuma wannan ba ya jira, ruwan farko na damina tsatsa za ta kama, ta riƙa ci ta ƙarƙashin fenti. Kada ka ce za ka goge irin wannan har ya ɓace, kafin ya ɓace ka cinye duk abin da ke gefensa. Cikewa ake yi. Kowace mota tana da lambar launinta, galibi a wani ɗan allo a jikin madogarar ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. A kai wa masu haɗa fenti lambar, su haɗa maka ɗan kaɗan a kwalba. A wanke wurin, ya bushe, a riƙa ɗiga fentin da tsinken ashana a cikin karcen kawai, siriri, a bari ya bushe, a ƙara. Ba zai ɓace ɗungum ba, amma zai hana tsatsa, kuma daga nesa ba a gani. In ƙofar ta lotsa, wannan aikin masu bugun jikin mota ne, a fesa wa ƙofar kaɗai. Amma kafin duk wannan, ka kira yayanka ka gaya masa. Motarsa ce, shi zai zaɓi wanda zai taɓa ta, kuma ya ji daga bakinka ya fi ya gani da idonsa a ƙofar gida.

Yanzu sai yadda za a kiyaye gaba, domin in an goge an koma ga tsumma, tsugune ba ta ƙare ba. Ruwa ne farko, kafin hannu ya taɓa mota. A kwarara daga rufi zuwa ƙasa har ƙurar ta gangara da kanta. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, domin yashin da soso ya kwaso kada ya koma jikin mota. Soson taya daban, kuma taya ce ƙarshe. Soso ko tawul in ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi. Omo da sauran garin wankin kaya suna wanke kakin da ke kare fenti, su bar shi tsirara, gara sabulun ruwa na wankin mota. Kada a yi wanki da tsakar rana, ruwan rijiya da na burtsatse in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yana barin ɗigo-ɗigon kanwa mai wuyar fita. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, a tsane da tawul mai laushi. Bayan nan a shafa kakin mota duk wata biyu ko uku, shi ba ya cin fenti, rufi ne kawai. Alamarsa, in ka zuba ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, yana nan. In ya baje, ya ƙare. Wanda aka yi wa sabon fenti ya jira wata ɗaya zuwa uku kafin ya sa kaki.

Na san wani a ƙauye zai ce, Malam, mu da muke sayen jarka don sha, ina muka ga bokiti biyu na mota? Gaskiyarka. To ka bar ta da ƙurarta. Ka zuba ruwan buta ka wanke gilashi da fitilu da lamba don ka ga hanya, sauran jikin ka ƙyale shi har ranar da ka shigo gari. Ƙurar da ke kwance ba ta karce komai, sai an murza ta. Ka kuma hana yara yin rubutu da yatsa a jikinta, wannan "a wanke ni" da suke rubutawa, wani lokaci bayan wanki ma za ka iya karanta shi. Abin da ba a bari ya kwana shi ne kashin tsuntsu da na jemage da ɗigon itace, irin na gindin darbejiya da mangwaro, domin suna cin kiliya in rana ta buga. A jiƙa ƙyalle a ɗora a kai ya yi laushi, a ɗauke, kada a kankare. Tamfol kuma kada a rufa a kan mota mai ƙura, iska za ta yi ta kaɗa shi dare guda yana yi maka aikin tsumma. Masu ɗora buhu a rufi ko a but, a shimfiɗa tsohon bargo, a ɗaga buhu a ajiye, kada a ja. Awaki kuwa, waɗanda ba su da wurin hutawa sai bonet ɗin mai gida, wannan sai dai turke.

Alhaji na Bunkure, in an gama gogewar ka wanke ta da kyau, ka koma da ita tsakar rana, ka ce dillali ya sake zagayawa. Kada kuma ka tsaya a kan dillali ɗaya. Ka rubuto mana yadda ta kaya, da buhu nawa aka samu.

Lokaci ya yi halinsa. Akwai wasiƙar wani daga Dawakin Kudu a kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu, ita za mu fara da ita mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.